Naman da Ya Yi Ƙaura

Riga idan ta yage, tela zai duba cikin ƙyallayensa ya samo mai kama da ita ya yi mata faci, shi ke nan. Jikin ɗan Adam bai yarda da wannan sauƙin ba. Idan wuta ta cinye wuya, ko mota ta kwashe naman ƙwauri ta bar ƙashi a fili, ko likita ya yanke muƙamuƙi don ya raba mutum da ciwon daji, ramin da ya rage yana neman faci mai rai. Naman wani ba ya zama, domin jiki zai tasar masa kamar baƙon da ya faɗo gida ba sallama. Dole a ɗebo daga jikin mai raunin. Shi kuwa nama, da zarar an raba shi da jinin da ke ciyar da shi, sa'o'i kaɗan suka rage masa.

Wannan matsala ta sha kan masu tiyata shekaru sama da dubu biyu. Mafitar da aka samu daga ƙarshe ba ta fi shekara hamsin da 'yan kai ba. Ita ce a yanko nama daga cinya ko hannu ko ƙafa, tare da jijiyar da ke kai masa jini da wadda ke mayar da jinin, a raba shi da jiki kwata-kwata, a kai shi inda ake bukata, a ɗinke bakin jijiyoyinsa da na wurin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashin kai siranta. A manyan asibitocin da suka ƙware yau, sama da 95 cikin 100 na irin wannan dashe suna kamawa. Hanyar da aka biyo ta ratsa Indiya da Italiya, ta bi ramukan yaƙin Turai da garejin wani gida a Amurka da asibitin soja a ƙasar Sin, kuma tana da reshen da ya iso Sakkwato da Damagaram.

Dashe iri biyu

Manomi ya san dashe ba ɗaya ba ne. Karan rogo sarawa ake yi a soka a ƙasa mai danshi, ya yi saiwa da kansa. Fata ma haka take idan an fere ta siririya: a shimfiɗa ta kan rauni ja mai jini, ta yi ta tsotsa daga ƙasa har sababbin jijiyoyi su shige ta cikin 'yan kwanaki. Amma ba ta kamawa a kan ƙashi tsirara, ba ta cike rami, ba ta zama leɓe ko kunci. Nama mai kauri, mai kitse da tsoka ko ƙashi, ya fi kama da itacen da ya girma, wanda ba ya ƙaura sai da saiwarsa. Irin wannan yanki mai tafiya da jininsa shi likitoci ke kira filaf.

Kafin zamanin madubi, hanya ɗaya ce tak ta kai filaf wani wuri ba tare da ya mutu ba: a yanke shi ta gefe uku, a bar gefe ɗaya manne da inda ya fito, kamar igiyar cibiya. Zai ci gaba da shan jinin uwarsa har ya yi saiwa a sabon gida, sannan bayan kamar mako uku a yaye shi. Duk tsohon tarihin wannan fanni tarihin igiyar nan ne, da wahalar da ta ɗora wa marasa lafiya.

Hancin da aka ɗebo daga goshi

A tsohuwar Indiya yanke hanci hukunci ne da ake yi wa masu laifi da waɗanda aka kama a yaƙi, saboda haka masu neman sabon hanci ba su yi kaɗan ba. Littafin tiyata da ake jinginawa ga Sushruta ya bayyana yadda ake auna hancin da ganye, a yanko fata daidai girman ganyen daga kunci ba tare da an raba ta da kuncin ba, a juyo ta kan hancin, a saka kara biyu masu rami don numfashi. Daga baya masu sana'ar suka koma ɗebowa daga goshi, kuma suka riƙa gadar da ita a cikin zuri'a, kamar yadda wanzanci da ɗori suke a wurinmu.

Turai ta bi tata hanyar. A ƙarni na 15 wani gida da ake kira Branca a tsibirin Sisili ya yi suna da gyaran hanci, sannan a 1597 Gaspare Tagliacozzi, malamin tiyata a Bologna, ya buga littafi mai zane-zane kan hanyar ɗebowa daga dantse. Ana ɗaga fatar dantse a ɗinka ta kan hanci, a ɗaure hannun a ka da wata riga mai maɗaurai, mutum ya zauna haka kusan mako uku, ba maganin sa barci, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bayan rasuwarsa a 1599 sana'ar ta dusashe a Turai.

Wata wasiƙa ce ta tashe ta. A watan Oktoba na 1794 mujallar Gentleman's Magazine ta Landan ta buga labarin Cowasjee, mai kora shanun kaya na sojan Ingila a Indiya, wanda mutanen Tipu Sultan suka kama a 1792 suka yanke masa hanci da hannu ɗaya. Wani mutum daga gidan masu yin bulo, kusa da birnin Pune, ya yi masa sabon hanci. Ya siffanta hancin da kakin zuma, ya baje kakin a goshi, ya zana, ya yanke fatar ya bar ɗan tsiri tsakanin gira biyu, ya murɗo ta ƙasa. Likitocin Ingila suka karanta suka yi mamaki. A 1814 Joseph Carpue ya gwada hanyar a Landan ta yi kyau. Har yau, idan hanci ya tafi, goshi ne likita ke fara dubawa.

Bututun Gillies

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya samar da fuskoki lalatattu da yawan da ba a taɓa gani ba. Sojan da ke cikin rami kansa ne kaɗai ke leƙowa, hular kwano tana kare ƙwaƙwalwa, amma ba ta kare haɓa da hanci. Harold Gillies, haifaffen New Zealand, ya jagoranci asibitin Queen's da aka buɗe a Sidcup kusa da Landan a 1917, inda aka yi tiyata sama da 11,000 ga mutane sama da 5,000.

A can ya gano dabarar da ta riƙe fannin shekaru hamsin, wadda Vladimir Filatov ma ya gano shi kaɗai a Odessa a daidai lokacin. Idan aka ɗaga tsirin fata daga ƙirji ko ciki, aka naɗe shi aka ɗinke gefunansa ya zama bututu, ɗanyen naman yana ɓuya a ciki, ƙwayoyin cuta ba sa samun ƙofa. Sai a riƙa tafiya da bututun zango-zango: a yanke kai ɗaya daga ciki a dasa a wuyan hannu, a jira makonni, a yanke ɗaya kan, a ɗaga hannun zuwa fuska a dasa, a sake jira. Mutum zai yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, da tiyata biyar ko shida, yana yawo da nama yana reto a fuska kamar haɓar giwa. Idan rauni a ƙafa yake, sai a ɗebo daga ɗaya ƙafar, a harɗe ƙafafun biyu a cikin filasta na makonni. A kowane zango wani ɓangare na naman yana iya mutuwa.

Kowa ya san abin da zai kawar da wannan wahala: a yanke igiyar tun ranar farko, a haɗa jijiyoyin da hannu. Sai dai jijiyoyin da ke ciyar da fata faɗinsu milimita ɗaya ne zuwa biyu, kamar tsinken tsintsiya, kuma ba wanda ya iya ɗinke su ba tare da jini ya daskare ya toshe su ba.

Shugaban ƙasa da mai ɗinkin ado

A watan Yuni na 1894 wani ɗan Italiya ya daɓa wa shugaban Faransa Sadi Carnot wuƙa a birnin Lyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar da ke kai jini hanta, manyan likitocin birnin suna tsaye ba su iya ɗinke ta ba, ya rasu a daren. Alexis Carrel yana ɗalibin likitanci a Lyon a lokacin, kuma ya ɗauki ɗinkin jijiya a matsayin aikin rayuwarsa. Ana ba da labarin cewa ya je ya zauna gaban Madam Leroudier, fitacciyar mai ɗinkin ado da zaren siliki a birnin, ya koyi riƙon ƙananan allurai. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu ɗinkin babbar riga a Zariya ya ga yadda allura ke shiga ta fita a wuri ɗaya sau ɗari ba kuskure, zai gane abin da ya je nema.

A 1902 ya bayyana dabararsa. Bakin jijiya zagaye ne, mai laushi, allura tana iya kama bangon baya ba a sani ba. Carrel ya sa zare uku a wurare uku masu tazara ɗaya, ya ja su, zagayen ya koma kusurwa uku mai miƙaƙƙun gefuna, ya ɗinke kowane gefe kamar bakin zane. Ya shafa wa zaren silikinsa basilin, ya kula kada komai ya taɓa jini sai santsin cikin jijiyar. A Chicago, tare da Charles Guthrie, ya dasa ƙoda da ƙafafu a jikin karnuka, kuma a 1912 aka ba shi kyautar Nobel. Ƙarshen sunansa bai yi kyau ba. A littafin da ya buga a 1935 ya goyi bayan aƙidar tace iri da kawar da waɗanda ya ɗauka marasa amfani, ya kuma yi aiki ƙarƙashin gwamnatin Vichy, har jami'ar Lyon ta cire sunansa daga tsangayar likitancinta a 1996. Hannun da ya buɗe hanyar gyara fuskokin nakasassu na mutumin da bai ga darajar rayuwarsu ba ne.

Dabarar Carrel ta yi aiki a manyan jijiyoyi. Ƙananan sun ci gaba da toshewa, ko da bayan an fara amfani da hefarin, maganin hana jini daskarewa, a shekarun 1930.

Matsalar a ido take

Masu tiyatar kunne sun riga kowa. Carl-Olof Nylén ya yi aiki da madubin ƙara girma a Stockholm tun 1921, kuma a 1953 kamfanin Zeiss na Jamus ya fitar da madubin tiyata mai fitilarsa a ciki. A 1960, a jami'ar Vermont ta Amurka, Julius Jacobson ya aro irin wannan madubi ya duba ɗinkin da yake yi a jijiyar dabba. Abin da ido ke gani lafiya ƙalau, a ƙarƙashin madubi ya bayyana da yage-yage da ƙulle-ƙulle, wuraren da jini ke samu ya daskare. Ya fahimci hannun mutum yana iya aikin, ido ne bai gani. Da shi da Ernesto Suarez suka ɗinke jijiyoyin da ba su kai milimita biyu ba, da hantsakin masu gyaran agogo da kayan ado, jini ya wuce.

Daga nan abubuwa suka fara faruwa a wurare masu nisa da juna. A 1962 Ronald Malt ya mayar wa wani yaro ɗan shekara 12 hannun da jirgin ƙasa ya cire masa a Boston. A Janairun 1963 Chen Zhongwei ya mayar wa wani ma'aikacin masana'anta hannu a Asibitin Jama'a na Shida da ke Shanghai. A 1965 Komatsu da Tamai suka mayar da babban yatsa a Nara ta Japan, wannan karon da madubi.

A San Mateo ta jihar Kalifoniya, Harry Buncke ya mayar da garejin gidansa ɗakin gwaji, matarsa Constance, ita ma likita, tana taimaka masa. Ba a sayar da allurar da ta dace a ko'ina, saboda haka da kansa yake yin ta, yana lulluɓe bakin zaren nailan da ƙarfe. Bayan gwaje-gwaje masu yawa da suka faɗi, a 1964 ya ba da rahoton cire kunnen zomo ya mayar, jijiyoyin kamar milimita ɗaya, kunnen ya rayu. A 1966 ya ɗauki babban yatsan ƙafar biri ya mayar da shi babban yatsan hannu. A 1968 John Cobbett ya yi wa mutum haka a Ingila.

Saura sanin inda za a ɗebo. Tsofaffin likitoci suna da ƙa'idar lissafi: tsawon filaf kada ya wuce kaza na faɗinsa. A 1970 Stuart Milton ya nuna da gwaji a kan aladu cewa ƙa'idar ba ta da tushe, abin da ke raya filaf shi ne ko akwai jijiya mai ƙarfi a cikinsa. A 1972 McGregor da Jackson a Glasgow suka bayyana yankin fata a makwancin cinya wanda jijiya guda sananniya ke ratsa tsawonsa.

1973

A Janairun 1973, a wani asibitin unguwa da ke Preston a gefen birnin Melbourne na Ostareliya, Ian Taylor da wani matashin likita ɗan Amurka, Rollin Daniel, suka tsaya kan wani saurayi mai mummunan rauni kusa da idon sawu. Suka yanko fata da kitse daga ƙasan cikinsa tare da jijiyoyinsu, suka raba su da jiki, suka ɗinke su da jijiyoyin ƙafar. Yankin ya rayu. Abin da bututun Gillies ke yi a watanni ya ƙare a yini ɗaya. Bayan 'yan makonni Bernard O'Brien ya yi irinsa a cikin birnin.

Wa ya fara? Amsar ta danganta da abin da aka ƙirga. Seidenberg a New York ya ba da rahoto tun 1959 na ɗauko guntun hanji ya maye gurbin maƙoshi. Antia da Buch a Bombay sun buga nasu a 1971, na kitsen ciki da suka kai fuska. McLean da Buncke sun buga a 1972 yadda suka rufe ƙoƙon kai da tantanin kitsen da ke lulluɓe hanji. Kiyonori Harii a Tokyo ya yi nasa dashen fatar kai a 1972, amma bai buga ba sai 1974. Rahoton Melbourne ne aka fi ambata, amma gaskiyar ita ce damina ta riga ta sauka, tsiro ya fito a gonaki da yawa a lokaci ɗaya.

Yini ɗaya da dare uku

Aikin kan ɗauki sa'a shida zuwa goma sha biyu, kuma sau da yawa tawaga biyu ke yi. Ɗaya tana gyara wurin raunin tana nemo jijiyoyi masu lafiya, ɗaya tana ɗago filaf ɗin. Sai an shirya komai ake yanke jijiyoyinsa, domin daga wannan lokaci agogo ya fara gudu, kuma tsoka ba ta jure rashin jini kamar fata. Likita yana zaune, idonsa a madubi, hannayensa a jingine don kada su yi rawa. Ana matse bakunan jijiyar biyu da wani ɗan maƙali, irin wanda Robert Acland ya ƙera a shekarun 1970, a sa ɗinki kamar takwas zuwa goma a zagayen da bai fi tsinken ashana ba. Sannan a saki maƙalin. Naman da ya yi fari fat sai ya fara yin ja daga gefe, bakinsa ya fara zubar da jini. A ɗakin tiyata ba a cika murna da ganin jini ba, amma wannan jinin shi ake jira.

Haɗarin yana cikin kwana biyu zuwa uku na farko. Ma'aikatan jinya suna duba filaf ɗin kowace sa'a, dare da rana: launinsa, ɗuminsa, yadda jini ke dawowa idan an danna, da sautin bugun jijiya a wata 'yar na'urar saurare. Idan ya yi fari ya yi sanyi, jini ba ya shiga. Idan ya kumbura ya yi shuɗi, jini yana shiga ba ya fita, kuma wannan ya fi faruwa, domin jijiyar mayarwa bangonta siriri ne, gudun jininta a hankali. Idan an gane da wuri aka koma ɗakin tiyata nan take, yawanci ana ceto shi. Idan aka jira gari ya waye, an rasa.

A nan ne wani tsohon abokin masu magani ya dawo, wato matsattsaku. Idan jini ya taru a nama ba hanyar fita, ana ɗora shi ya tsotse, yawunsa kuma yana ɗauke da sinadarin da ke sa wurin cizon ya ci gaba da ɗiga na sa'o'i, har sababbin jijiyoyi su tsiro. A 1985 Joseph Upton ya ceci kunnen wani yaro da shi a Boston, kuma a 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin kayan aikin likita. Wanzami mai ƙaho ba zai yi mamakin dabarar ba.

Jiki ya zama rumbu

Da hanya ta buɗe, sai aka shiga neman abin da jiki zai iya bayarwa bai yi rashi ba. A 1975 Taylor ya ɗauki siririn ƙashin ƙwauri da jijiyarsa. Babban ƙashin ne ke ɗaukar yawancin nauyi, don haka ana iya cire kusan santimita 25 na ƙaramin mutum ya ci gaba da tafiya. A 1989 David Hidalgo a New York ya nuna ana iya sassara wannan ƙashi a lanƙwasa shi ya zama muƙamuƙi, har a dasa masa haƙora. A 1976 Harii ya kai wata tsokar cinya fuskar da ta shanye, ya haɗa ta da jijiyar motsi, mutum ya sake murmushi. A asibitin soja na Shenyang, Yang Guofan da abokan aikinsa suka fara amfani da fatar hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyansa, don sakin wuyan waɗanda wuta ta manne musu haɓa da ƙirji. Likitocin Jamus da suka ziyarci Sin a 1980 suka kai dabarar Turai, inda ake kiranta filaf ɗin Sin. A 1984 Song ya bayyana na gefen cinya, wanda Fu-Chan Wei a Taiwan ya mayar da shi jakin aikin gyaran baki da wuya, har ya ba da rahoton guda 672 a 2002.

Taswirar da ake bukata ta daɗe a ajiye. A 1889 wani ɗalibi a Strasbourg, Carl Manchot, ya zana jijiyoyin fatar jiki gaba ɗaya da Jamusanci, Michel Salmon ya ƙara a 1936 da Faransanci, amma masu tiyata ba su karanta ba. Littafin Manchot bai shiga Turanci ba sai 1983. A 1987 Taylor da Palmer suka ɗura sinadarin dalma a jijiyoyin gawawwaki suka ɗauki hoto, suka raba jiki zuwa gundumomin jini 40, da ƙananan jijiyoyi kimanin 374 da ke fitowa daga ciki su kai fata. Daga nan Koshima da Soeda suka nuna a 1989 ana iya bin irin wannan 'yar jijiya a ɗauki fata da kitse a bar tsoka a wurinta, dabarar da a yau ake sake gina nono da ita daga kitsen ciki ga matan da aka yanke wa saboda ciwon daji.

Kwamfuta ta shigo daga baya. Yanzu ana ɗaukar hoton ƙashin kai da na ƙafa, a gina su a manhaja, a yi yankan a allo tun kafin ranar tiyata, a buga ma'aunin yanka da na'urar buga siffa mai tudu. Wannan ya rage sa'o'i ya kuma gyara kusurwa. Ɗinkin jijiyar dai har yanzu mutum ne ke zama ya yi shi.

Darasi mafi tsauri daga Ljubljana ya fito, a tsohuwar Yugosilabiya. Marko Godina ya bi sawun marasa lafiya 532 masu munanan raunukan gaɓoɓi. Waɗanda aka rufe musu raunin cikin sa'a 72, ƙasa da ɗaya cikin 100 ne dashensu ya mutu. Waɗanda aka jinkirta zuwa makonni, 12 cikin 100. An buga binciken a 1986, shekarar da shi kansa ya rasu a hatsarin mota. Duk wanda ya san yadda mai karayar babur ke yin makonni tsakanin gidan mai ɗori da neman kuɗin asibiti zai gane abin da wannan lissafi ke nufi a ƙasarmu.

Sakkwato da Damagaram

Akwai cutar da ke neman wannan fanni fiye da kowace, kuma a yankinmu ta fi zama. Sunanta noma, kalmar Girkanci mai nufin cinyewa, ba ta da dangantaka da noman gona. Tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da kumburin dasashi, cikin kwanaki ta huda kunci ta ci leɓe da hanci da ƙashi. Idan ba magani, kusan tara cikin goma suna mutuwa. Waɗanda suka tsira suna rayuwa da rami a fuska, wasu muƙamuƙinsu ya ƙage ba sa iya buɗe baki, da yawa an ɓoye su a ɗaka. Turai ma ta san ta har ƙarni na 19, ta ɓace da abinci ya wadata, ta sake bayyana a sansanonin 'yan Nazi.

A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan tana kula da irin waɗannan yara tun 1992, tana kai masu rauni mafi tsanani Janeba don tiyata. A Sakkwato an buɗe asibitin yara na noma a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014. Likitocin Jamus, Giessler da Schmidt, sun ba da rahoto a 2003 cewa sun yi dashen nama da ɗinkin jijiya a can, wato abu ne mai yiwuwa. Amma muhawara ta biyo baya a tsakanin masu wannan aiki. Tawagar da ta zo na mako biyu za ta tafi. Yaron da yunwa ta taɓa ba kullum yake jure tiyatar sa'a goma ba. Dashen da ya mutu yana barin rauni biyu inda da ɗaya ne. Saboda haka mafi yawan gyaran noma har yanzu da filaf mai igiya ake yin sa, daga goshi ko ƙirji ko ƙarƙashin haɓa. Hanyar mai bulo na Pune da ta Gillies suna nan da ransu a Sakkwato.

A Disambar 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. A matakin farko ana tsayar da ita da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha, da wanke baki, da abinci, kuma rigakafin ƙyanda yana toshe mata babbar ƙofa. Uwar da ta ga dasashin ɗanta yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya fara kumbura, ta kai shi asibiti a ranar, ta yi abin da madubin Zeiss ba zai iya yi ba.

Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, haka masu ƙuna da masu ƙarin muƙamuƙi da waɗanda aka ce a yanke musu ƙafa. A gare su tarihin nan yana da abin faɗa. Ba a fadar masu kuɗi aka haifi fannin ba: gareji ne, da asibitin unguwa, da asibitin soja a ƙasar Sin ta lokacin talauci. Masu koyo a yau da jijiyar cinyar kaza suke farawa, wadda ake samu a kowace kasuwa. Madubi ana saye sau ɗaya. Abin da ke da tsada shi ne daren nan uku: ma'aikaciyar jinya da ta san bambancin ja da shuɗi kuma aka biya ta albashinta, wutar da ba ta ɗaukewa, jini a ajiye, da ɗakin tiyata da zai buɗe ƙarfe uku na dare idan ta buga waya. Ba a fafe gora ranar tafiya.